Tashin Habu Mai Gyada

Yaran yanzu, duk wanda ya mallaki waya da babur ɗin aro sai ya ce shi ejan ne na gidajen haya. Ya ɗauki hoton ɗaki ya watsa, ya karɓi la'ada, ya tafi teburin mai shayi ya miƙe ƙafa. In ka tambaye shi yadda ake tashin ɗan haya idan ya kasa biya, sai ya yi dariya ya ce ai wannan ba aiki ba ne, notis ne da kwaɗon rufe ƙofa. To ni a kan wannan aiki na yi furfura tsakanin Gaya da Ajingi, har sunana na yanka ya kusa ɓacewa, ba a san Audu ba sai Audu Kwaɗo. Sa mutum a ɗaki kam ko akuya za ta iya. Fitar da shi, a rabu ana gaisawa, shi ne abin da na daɗe ina koyo.

Ni mutumin Balan ne, ɗan manoma. Da aka raba gado gonar ta yi mana kaɗan, sai na shigo Gaya neman abin yi, na faɗa hannun Baba Manu, Allah Ya jiƙansa. A lokacin gidajen haya da shagunan bakin kasuwa da yawa suna hannunsa, masu su suna Kano ko suna kudu, shi yake karɓa ya aika musu. Ba shi da ofis, benci ne a gindin darbejiya. Kayan aikinsa duk a jakar fata ɗaya suke: kwaɗuna manya da ƙanana, makullai a zare, sukundireba, 'yar guduma, da goro a cikin ganye. Goron ya fi sauran shan aiki. Na daɗe ba abin da nake yi sai riƙon jaka da yin sallama a ƙofar gidajen mutane, don ya ce sai na iya sallama tukuna. Akwai sallamar da in ka yi, maƙwabta duk sun san bashi ka zo bi. Akwai kuma wadda za a ɗauka gayyatar suna ka kawo. Ta biyun yake so, kuma in na yi ta farkon sai na sha ranƙwashi a hanyar komawa.

Daga nan ya koya mini lokutan da ba a taɓa mutum. Ba a tashin ɗan haya da damina, ba a tashinsa da azumi. Mai jego sai ta yi arba'in, mai takaba sai ta fita. In ka ɗebe waɗannan daga shekara, abin da ya rage maka ɗan tsakani ne, daga an gama girbi zuwa kafin zafi ya kankama, lokacin da kowa yake da ɗan abin motsi a hannu. Ya kuma koya mini cewa kayan mace ba na miji ba ne, ba a riƙe ko ludayinta a kan bashin haya. Kotu kuwa tana nan, kuma ina zuwa in ta kama, amma duk wanda ka kai wa sammaci ka sami ɗaki ka rasa unguwa. Masu cire wa mutane kyaure ko kwanon rufi don su gaji su tafi, Baba Manu ba ya ko amsa gaisuwarsu.

Akwai wani shagon tela a Gaya da na ga yadda kwaɗo yake cin mai shi. Ba a hannunmu shagon yake ba, wani ejan ne mai zafin kai. Telan ya tara haya, shi kuwa ya zo ana jajibirin sallah ya garƙame ƙofa, ya sa makulli a aljihu, ya tsaya yana hura hanci. Bai yi tunanin cewa kayan da ke ciki ba na tela ba ne. Kafin la'asar masu ɗinki sun cika layin, mata da maza, kowa da yadinsa a ciki. Telan ya zauna a gefe ya naɗe hannu. Masu kaya ne suka ɓalle kwaɗon har da ƙofar, a cikin turmutsutsu wasu yadika suka yi ƙafa, aka koma gaban mai unguwa, mai shago ya biya abin da ya fi hayar da yake bi. Baba Manu yana tauna goro ya ce mini, "Ka gani ko? Kafin ka rufe ƙofa, ka san abin da ke bayanta." A shago wannan da sauƙi, leƙawa za ka yi. A gidan matan aure kuwa namiji iyakarsa zaure, dole sai kana da macen da za ta gano maka.

Tawa ita ce Yalwa dillaliya, wata dattijuwa a Ajingi mai yawo gida-gida da ƙunshin kaya a ka, tana saye tana sayarwa, daga zannuwa har kwanuka. Ba ɗakin da ba ta san cikinsa ba, kuma bakinta yana da nauyi, abin da ya sa mata suke yarda da ita ke nan. Ni ma sai abin da ta ga dama take gaya mini.

Shekarar da ta fi kowace wuya a wannan aiki ita ce wadda ruwan sama ya ɗauke, gyada tana tsaka da fure. Lokacin Baba Manu ya riga mu gidan gaskiya, jakar tana hannuna. Gyada ta yi ganye kamar abin kirki, aka tono aka tarar rabi fanko. Gero ma bai yi auki ba. A ƙasarmu in gyada ta faɗi ba manomi kaɗai ta kayar ba, har mai shayi, har tela, har mai faci. Kusan duk ƙofar da na yi wa sallama haƙuri ake ba ni, masu gidaje kuma suna kira ta waya kamar ni na riƙe ruwan saman. A shekarar ne na tashi Habu mai gyada.

Habu yana haya a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da zaure a Ajingi, ba nisa da kasuwa. Sana'arsa sayen gyada a hannun manoma, ya ɓare, ya auna, ya kai Kano. Mutum ne mai biya kafin a tambaya, shekarun baya har sai in manta da shi. A waccan shekara ya riga ya ba manoma kuɗi tun da bazara don a biya shi da gyada, kuɗin kuma na mutane ne. Gyada ba ta zo ba, masu kuɗi suka zo. Haya ta tsaya cak, ta tsallake wa'adi, ta sake tsallake wani.

Mai gidan, Malam Tanimu, tsohon malamin makaranta ne, ba mugu ba ne kuma ba mai hali ba ne. Fanshonsa yau a gani gobe a rasa, ga ɗansa zai yi aure ba inda zai sa amarya. Ya same ni ya ce, "Malam Audu, ba na son tozarta yaron nan. Ka ce masa na yafe abin da ke baya, ya ba ni gidana kawai kafin biki." A sana'ata ba a samun tayin da ya fi wannan. Na bincika kuma na ji Habu yana da inda zai koma, yayansa yana da ɗaki ba kowa a ƙauyensu, 'yar tafiya kaɗan daga gari. An yafe bashi, ga wurin zuwa, ga rani. Na ce wannan aikin goro ɗaya ne.

Na je na yi sallamar kirki, muka zauna a zaure, na ɓare goro na ba shi rabi, na faɗa masa. Ya yi godiya har da hawaye, ya ce in ba shi zuwa kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta ci, na koma, ya ce yaro ba lafiya. Na ga yaron yana tsalle a ƙofar gida. Na sake komawa, ya ce yayan nasa bai gama yaɓe ba. Na hau babur na je ƙauyen da kaina, na tarar ɗaki a share har an yi daɓe. Daga nan ya fara ɓuya, in na yi sallama a ce ya fita, ga takalmansa a bakin zaure. Biki yana matsowa, Malam Tanimu ya fara maganar kotu, kuma da gaskiyarsa.

Na san 'yan haya masu taurin kai, na san masu wayo, Habu ba ya cikinsu. Ruwa ba ya tsami banza. Na tare Yalwa a hanya na ce, "Iya, mene ne a gidan Habu?"

Ta ce, "Babu komai."

Na ce, "Iya, ba tsegumi nake nema ba. Jibi zan karɓo sammaci. In 'yan kotu suka zo, a titi za su zube kayan."

Ta sauke ƙunshinta, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta ce, "Ai na gaya maka, babu komai. Ɗakin Saude ko tsinke babu. Ni na fitar da su ɗaya bayan ɗaya."

Saude ita ce matar Habu, 'yar Gafasa, 'yar farin wani Bafulatanin manomi da ake kira Malam Buba. Duk unguwar ta san kayan ɗakinta, don ranar da aka kawo ta sai da mata suka yi mako suna zuwa kallo: gado, katifa, kabet cike da tangaran, samiru jere-jere, har da keken ɗinki. Saniya uban ya sayar ya yi mata. Da ma bai so auren ba, ya ce ɗan kasuwar da ba shi da gona tsuntsu ne a kan reshe. Ita ta nace, ya haƙura, amma a gaban waliyyai ya ce duk ranar da Habu ya taɓa ko cokalinta, zai zo ya ɗauki 'yarsa. Kuma an san shi ba ya magana biyu.

Da masu kuɗi suka matsa wa Habu, har ana zancen 'yan sanda, Saude ta kira Yalwa. Aka fara da keke, sai tangaran, sai samiru, duk a cikin ƙunshin dillaliya suka fita ba wanda ya lura. Gado da kabet da ba sa ɓoyuwa, aka ce an kai wa kafinta a Gaya ya gyara. Katifa ta bi su. Ta saki labule a ƙofar ɗakin, duk baƙuwar da ta zo a tsakar gida ake shimfiɗa mata, a ce ɗakin da zafi. Haka suka rufa wa kansu asiri, ko mahaifiyarta ba ta sani ba.

To ku da kuke ganin aikin kwaɗo ne, ga abin da ba a rubuta a notis. A garuruwanmu ranar tashi ranar ƙidaya ce. Duk abin da aka fitar daga gida, matan unguwa suna leƙe ta kan katanga suna lissafi, kuma sun fi mai kayan tuna abin da aka shigo da shi. Kafin mota ta bar layi labari ya riga ta isa Gafasa. Habu ba ɗakin yake riƙewa ba. In ya zauna kotu ta fitar da shi, in ya fita da ƙafarsa asiri ya tonu, ta kowace hanya matarsa zai rasa. Shi ya sa ya zaɓi ɓuya, kamar yadda mai ciwon haƙori yake ɗaga zuwa wurin cirewa.

Na aika masa ta bakin Yalwa cewa na sani, ya fito mu yi magana. Ya fito ya zauna kansa a ƙasa. Ya ce, "Malam Audu, ko mu sulale da asuba kafin mutane su tashi?"

Na ce, "Wanda ya tashi a ɓoye sunansa ɗan gudun haya har ya mutu, ko an yafe masa. Kuma da safe za a tambayi wa ya ga kayan. Da rana tsaka za ka tashi, kowa yana gani. Me kake da shi da yawa a gidan nan?"

Ya yi murmushin takaici ya ce, "Ɓawon gyada. Ga shi can tuli a bayan ɗaki, shi kaɗai masu bashi suka bar mini."

Na ce ya isa. Yalwa ta shigo da buhuna da kwalaye da tsofaffin zannuwa a cikin ƙunshinta kamar kullum. Ita da Saude suka cika su da ɓawo, suka ɗaure tamau, a saman kowane suka sa murfin kwano ɗaya ko biyu don a ji ƙara in an motsa. Suka ɗinke zannuwan gado biyu suka ɗura ɓawo, suka naɗe da igiya, ka rantse katifa ce. Ni kuma na ɗauko a-kori-kura daga Gaya da 'yan dako biyu waɗanda ba su san kowa a Ajingi ba, na ja musu kunne cewa duk abin da suka ɗaga su yi nishi. Malam Tanimu na ce masa gidansa zai samu ranar Laraba, ban ƙara masa komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Abu ɗaya ne ba ya hannuna. Ba a tashi da 'yar mutane ba a sanar da iyayenta ba, don haka Habu ya aika Gafasa cewa za su koma ƙauye. Mun ɗauka addu'a za a aiko.

Ranar Laraba da hantsi kaya suna jibge a zaure, mota ta juyo da baya, unguwa ta cika, ga kawunan mata a kan katanga. Sai muka ji ƙarar ƙafar shanu. Malam Buba ne a kan amalankensa, da bijimai biyu na huɗa, yana zaune a kan tabarma da bargo, da malafa a kansa. Dogo ne siriri, ya tsufa amma bai ranƙwafa ba. Ya sauko aka gaisa, Habu ya durƙusa har ƙasa. Ya dubi motar ya ce, "Wannan ta mene ce? A shekarar nan ake ɓarnar kuɗi a kan mota? A amalanken nan na kawo kayan yarinyar nan, a kansa za su fita. Ku sallami mai mota."

Na yi maza na tare shi. Na ce, "Baba, ai an riga an biya, ku huta, ga 'yan dako."

Ya ce, "Kai ne ejan? Naka gida ne, kaya ba naka ba ne." Gaskiya ya faɗa. Na sallami mota da 'yan dakona.

Ya shiga zaure ya naɗe hannun riga. Ya zaɓi buhun da ya fi girma, ya gyara tsayuwa irin ta mai shirin ɗaukar nauyi, ya sunkuya ya ɗaga. Buhun ya taso masa kamar auduga har ya kusa faɗuwa da baya. Murfin kwano ya yi ƙara a sama, a ƙasa kuma ɓawo ya yi tasa ƙarar, wadda mutumin da ya tsufa a gonar gyada ba zai kasa ganewa ba ko cikin barci. Daga ni sai Habu sai Yalwa a zauren, amma ƙofa a buɗe take, jama'a suna waje suna kallo. Ya mayar da buhun ƙasa a hankali. Ya sa hannu ya matsa katifar. Ya taɓa kwali ɗaya da ƙafa. Bai dubi kowa ba. Habu ya jingina da bango.

Sai tsohon ya ɗaga murya yadda na waje za su ji, ya ce, "Kai Habu, kana tsaye tsoho zai karya baya? Kama mini nan!"

Suka kama buhun su biyu, suka fito da shi suna tangaɗi, Malam Buba yana nishi yana cewa a yi a hankali. Wasu samari suka taso za su taimaka, ya daka musu tsawa, "Kar wanda ya taɓa! Tangaran ne, in kun fasa ba ku da abin biya." Haka suka yi ta shiga suna fita su biyu, shi da surukinsa, ko ni bai bari na sa hannu ba. Turmi da randa da tukwane biyu, waɗanda su ne kayan gaske, su ya bar wa samarin. Wata maƙwabciya ta ɗago murya daga kan katanga ta ce, "Yalwa, ina gadon? Har yanzu kafintan bai gama ba?" Kafin Yalwa ta buɗe baki ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Ni na ce a sake masa fenti. Daga can za a wuce da shi." Ya ɗaure kayan da igiya, ya ja ya sake ja kamar mai tsoron nauyi ya karya amalanke.

Na rufe gidan, na ba ɗan Malam Tanimu makulli a gaban mai unguwa. A nan aikina ya ƙare, da na so sai in hau babur in tafi. Amma tsohon ya ce, "Ejan, hau mu je. Kai ka tashe su, ka ga inda ka kai su." Saude da yaronta da Yalwa suka yi gaba a adaidaita, Habu ya bi su a kan babur ɗina, ni na hau gefen amalanke. Har muka isa da shanunsa kawai yake magana.

A ƙauyen matan gidan yayan Habu sun taru za su taya jere, kamar yadda aka saba in mace ta sauya ɗaki. Wannan ma ban yi tunaninsa ba. Malam Buba ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ku yi haƙuri, a wurinmu ba a kwance kayan 'yar fari sai uwarta ta zo." Ban taɓa jin wannan al'ada ba, kafin ranar ko bayanta. Matan suka ce to, Fulani da al'adu, suka watse. Shi da Habu suka shigar da kayan ɗaki, aka saki labule, Saude tana ciki.

Ya koma zaure ya zauna, ya ce a kira Yalwa. Habu ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne..."

Ya ce, "Ban tambaye ka ba."

Da yake 'yar fari ce, ba ya kiran sunanta, ba ya yi mata magana kai tsaye. Ya ce wa Yalwa, "Tambayar mini yarinyar nan. Shi ya ɗauka, ko ita ta bayar?"

Ɗakin yana jikin zauren, ba sai an kai saƙo ba. Muryarta ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Iya, ki ce wa Baffa ni na kira ki. Shi bai sani ba sai da keke ya fita. Ya yi faɗa, na ce in an kulle shi wa zan dafa wa a kwanukan."

Tsohon ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Tambaye ta. Amalanke zai koma Gafasa ba kaya. Za ta hau ko za ta zauna?"

 Habu ya runtse ido. Ta ce, "Ki ce masa zan zauna."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Ya dubi Habu a karo na farko tun safe ya ce, "Ɓawon nan kar ka zubar. Ka roƙi yayanka gefen gona ka watsa, taki ne." Ya fita wurin amalanke, ya naɗe tabarmar da ya zauna a kai da bargon, ya miƙa wa Yalwa ya ce, "Kai mata. Katifar nan tata ba ta kwantuwa."

Habu ya kawo mini babur, tsohon ya ce a bar shi, gobe a kai mini, shi zai sauke ni a hanya. Muka hau muka zauna a kan katako tsirara, shanu suna tafiya a hankali don sun gaji. Rana ta yi sanyi, gonaki duk an share sai kututturan dawa. Na ɓare goro na miƙa masa, ya karɓa ya riƙe a hannu bai ci ba. Ina jira ya tambaye ni wa ya kawo dabarar, in amsa, bai tambaya ba.

Da muka iso mararrabar da zan sauka ya tsayar da shanun. Ya sa hannu ya dafe ƙugunsa, ya miƙe baya da kyar. Ya ce, "Ejan, tun ina yaro nake ɗaukar ɓawon gyada a kaina ina kaiwa gona. Ban taɓa sanin yana da nauyi ba sai yau."

Na sauka, ya kaɗa shanunsa ya nufi Gafasa.